Ina Muka Dosa Bayan Sakandare? Wannan Mako: Aikin Laburare

Makon nan za mu duba wani kwas da ake yawan aiko mana da tambaya a kansa, musamman idan jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka bai wa gurbin karatu.

Tambayar kusan iri ɗaya ce kullum. Ɗalibi ya cike karatun lauya ko aikin jarida, makinsa bai kai ba, sai jami'a ta tura shi sashen laburare. Ransa ya ɓaci. Abokai suna tsokanarsa da sunan maigadin littattafai, a gida kuma ana cewa yanzu shekara huɗu za a yi a jami'a don kawai a koyi jera littafi a kanta? Daga nan wasu sukan ƙi karɓar gurbin, su zauna gida shekara guda suna jiran wata jarrabawar JAMB. Wasu kuma su karɓa da ƙunci, su yi karatun a daddafe, su fito da sakamakon da ba ya kai mutum ko'ina. Duk biyun asara ce, kuma rashin sanin aikin ne yake jawo ta. To bari mu san shi tukuna, sannan kowa ya yanke shawara ido a buɗe.

Mene ne aikin?

Abin da kuke gani idan kun shiga laburare, wato wani zaune bakin ƙofa yana buga hatimi yana cewa a yi shiru, shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Babban aikin yana can ofisoshin ciki.

Na farko shi ne zaɓe. Kuɗin sayen littattafai ba ya taɓa isa, don haka dole wani ya zauna ya tantance: wane littafi ɗaliban nan suke bukata, wanne ne ya tsufa har bayanin cikinsa ya zama kuskure, wace mujallar kimiyya ce ta cancanci a biya mata kuɗin shekara.

Na biyu shi ne tsarawa, kuma nan ne ƙashin bayan sana'ar. Littafin da aka ajiye a inda ba muhallinsa ba daidai yake da wanda ya ɓata, ko da kuwa yana cikin ginin. Saboda haka kowane littafi yana da lamba, wadda ita ce adireshinsa. Wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fito da tsarin da yawancin laburaren makarantu da na jama'a suke bi, a shekarar 1876. Ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900. Addini yana 200, harsuna 400, kimiyya 500, fasaha 600, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900. Kowane gida kuma yana da ɗakuna. Ku ɗauki littafin kiwon kaji: yana cikin 600, a ɓangaren noma wato 630, a sashen kiwon dabbobi wato 636, shi kuma kiwon kaji lambarsa 636.5. Ƙwallon ƙafa 796.334 ne, Musulunci 297, tarihin Nijeriya 966.9. Duk laburaren da ke bin wannan tsari, ko a Gusau yake ko a Landan, a lambar nan za ka sami littafin. Yawancin jami'o'inmu kuwa suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, mai haɗa haruffa da lambobi.

Ba kowane littafi ne yake faɗin gidansa da kansa ba. A ce an kawo littafi kan yadda zakka take rage talauci. A addini za a sa shi ko a tattalin arziki? Ma'aikacin laburare zai duba abin da ya fi rinjaye a ciki, ya ba shi gida ɗaya a kanta, sannan ya rubuta shi a katalogi ta yadda mai neman zakka zai gan shi, mai neman talauci ma ya gan shi. Wannan aiki ne na tunani, kuma ya daɗe a duniya. Tun wajejen shekarar 987 wani mai sayar da littattafai a Bagadaza, Ibn al-Nadim, ya tsara kundin Al-Fihrist, inda ya jera littattafan Larabci da ya sani a babi goma, kowane fanni da marubutansa. Har yau masana suna sanin sunayen littattafan da suka salwanta ta hanyar wannan kundi.

Na uku shi ne taimakon mai nema. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya dace da wanda ya san hanya. Likita yana son sabon binciken da aka yi kan wata cuta, alƙali yana neman hukuncin da wata kotu ta yanke shekara talatin da suka wuce, ɗalibin ajin ƙarshe yana neman abin da aka riga aka rubuta kan batun kundinsa. Ƙwararren ma'aikacin laburare ya san inda kowanne yake, a takarda ne ko a intanet, ya kuma san wanne ne abin dogaro. A wannan zamani da labarin ƙarya yake zagaye gari ta WhatsApp kafin a sha shayin safe, iya bambance sahihin bayani da na jabu ya zama sana'a mai zaman kanta.

Na huɗu shi ne adanawa: kare takardu daga gara, ƙura, danshi da gobara, da ɗaukar hotonsu a zuba a kwamfuta don kada su bi ruwa.

Me ake bukata daga sakandare?

Abu na farko kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, kuma Turanci yana ciki. Lissafi ma ku ɗauke shi a matsayin dole. 'Yan ajin adabi da yawa suna yi wa lissafi riƙon sakainar kashi, suna ganin ba ruwansu da shi, sai ranar tantancewa a mayar da su gida saboda shi kaɗai. Kada ku bari wannan ya same ku.

A jarrabawar JAMB za ku zauna wa darussa huɗu, Turanci da wasu uku. Abin daɗin wannan kwas shi ne ƙofarsa a buɗe take ga ɗan kimiyya, ɗan adabi da ɗan kasuwanci, domin jami'o'i da dama suna karɓar darussa daga kowane ɓangare. Sai dai sharuɗɗan sukan bambanta daga wannan jami'a zuwa waccan. Kafin ku cike fom ku buɗe kundin JAMB na shekarar, ku nemi kwas ɗin da sunan Library and Information Science, ku karanta abin da jami'ar da kuke so ta nema. Kada ku bar wa mai shagon intanet ya zaɓa muku darussa. Kuskuren darasi ɗaya yana iya cinye shekara.

'Yan kimiyya kada su ga kamar sun yi asarar karatunsu. Laburaren asibitin koyarwa yana neman wanda ya san sunayen cututtuka, na cibiyar binciken noma yana neman wanda ya san ƙasa da iri. S. R. Ranganathan na Indiya, wanda ake lissafa shi cikin manyan malaman wannan fanni a duniya, malamin lissafi ne kafin a naɗa shi shugaban laburaren Jami'ar Madras a 1924.

Hanyoyin shiga

Hanya ta farko ita ce jami'a kai tsaye, shekara huɗu zuwa digiri. Arewa tana da tarihi a nan. Jami'ar Ibadan ce ta fara koyar da aikin laburare a ƙasar nan, amma ga waɗanda suka riga suka gama digiri a wani fanni. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta buɗe sashenta a 1968, ta kuma zama ta farko da ta ba da digirin farko a fannin. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suka biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Yau jami'o'in tarayya da na jihohi da dama suna yin kwas ɗin, galibi a ƙarƙashin tsangayar ilimi.

Hanya ta biyu ita ce kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna. Shekara biyu a sami ƙaramar difloma, a yi shekara guda ana aikin gwaji, a dawo a yi shekara biyu a sami babbar difloma.

Hanya ta uku ita ce shiga jami'a daga aji biyu, ga mai difloma, ko NCE, ko sakamakon IJMB mai kyau. Shi shekara uku zai yi.

Hanya ta huɗu ta wanda ya karanta wani fanni ne, kamar tarihi ko Larabci ko kimiyyar sinadarai, daga baya ya yi karatun gaba da digiri a aikin laburare. Irin wannan yana shiga da makami biyu.

Makwabtanmu na Nijar masu karatu da Faransanci kuwa, sananniyar makarantar wannan fanni a yankinmu ita ce EBAD, a Jami'ar Cheikh Anta Diop da ke Dakar.

Akwai abin da ya kamata ku sani tun yanzu, don kada ku ji shi bayan kun yi nisa. Ma'aikatan laburare hawa uku ne. Mai takardar sakandare mataimaki ne, shi ke jera littattafai da ba da aro. Mai difloma, ƙarama ko babba, jami'i ne mai matsakaicin matsayi, kuma hawansa yana da inda yake tsayawa. Mai digiri shi ne ake ɗauka cikakken ƙwararre, shi ne kuma yake iya kaiwa ƙololuwa. Saboda haka idan difloma ce ta samu, a karɓa a yi ta da kyau, amma a sa a rai cewa zango ce, akwai sauran tafiya zuwa digiri.

Me ake koyarwa?

Za ku koyi tsara katalogi da raba littattafai gida-gida, hanyoyin neman bayani, shugabanci da kasafin kuɗi, adana tsofaffin takardu, harkar ɗab'i da haƙƙin mallaka, dabarun bincike, da kwamfuta mai yawa. Katin katalogi da ake jerawa a durowar katako yana ja da baya. Yanzu manhajoji ake amfani da su, irin su Koha ta tafiyar da laburare da DSpace ta adana kundayen bincike. Kafin ku gama za a tura ku aikin gwaji na wasu watanni a ƙarƙashin shirin SIWES, inda za ku taɓa aikin da hannunku.

Bayan digiri da hidimar ƙasa, sai rajista da hukumar LRCN, wadda dokar 1995 ta kafa don tantance wanda ya cancanci a kira shi ƙwararren ma'aikacin laburare a Nijeriya. Akwai kuma ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa, wadda aka kafa a 1962, tana da rassa a jihohi.

Ina aikin yake?

Mu faɗa muku gaskiya. Laburaren jama'a da yawa a jihohinmu suna cikin wani hali: rufi yana yoyo, littattafan sun tsufa, ba a cika ɗaukar sababbin ma'aikata ba. Sakandare da dama ba su da laburare sam, wasu kuma ɗakin ya koma wurin ajiye karyayyun kujeru. Wanda ya shiga wannan sana'a don ya yi kuɗi dare ɗaya ya yi ɓatan kai.

Amma akwai inda aikin yake da ƙarfi. Manyan makarantu ne kan gaba. Hukumomin NUC da NBTE da NCCE ba sa amincewa da kwas a jami'a ko kwaleji sai sun leƙa laburare sun ga littattafai da ma'aikata. Ke nan duk sabuwar makarantar da aka buɗe, ta gwamnati ko ta kuɗi, ba makawa ta nemi ƙwararru. A jami'a ma'aikacin laburare mai digiri yana sahun malamai ne. Yana bincike, yana wallafawa, ana yi masa ƙarin girma kamar yadda ake yi musu. Shugaban laburaren jami'a kuwa yana cikin manyan jami'an gudanarwa, tare da shugaban jami'a da magatakarda da ma'aji. Amma fa hawa wannan tsani yana bukatar digiri na biyu, kaiwa can sama kuma sai da na uku. Duk wanda ya shiga Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, ko na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato, ko na Ramat a Maiduguri, ya ga yawan sassa da ma'aikata, zai daina kiran aikin gadi.

Sai Laburaren Ƙasa, wanda aka kafa a 1964, mai hedikwata a Abuja da rassa a jihohi. Shi ke ba da lambar ISBN da kuke gani a bayan littafi, kuma doka ta wajabta wa kowane maɗaba'i mai zaman kansa ya kai masa kwafi uku na duk littafin da ya buga. Akwai kuma laburaren kotuna, na majalisun dokoki, na asibitocin koyarwa, na Babban Bankin Ƙasa, na gidajen rediyo da jaridu, da na cibiyoyin bincike irin ta noma a Samaru da ta lafiyar dabbobi a Vom. Wasu da suka karanta fannin ma ba sa aiki a ɗakin littattafai ko kaɗan. Suna kula da fayil-fayil da rumbunan bayanai a bankuna, kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, domin tsara bayani yadda za a same shi cikin minti ɗaya ilimi ɗaya ne, a takarda ko a kwamfuta.

Gadon da ke jiran masu kula

Akwai wani ɓangare da ɗan Arewa ya fi kowa dama a cikinsa. A gidajen malamai daga Sakkwato zuwa Borno, daga Katsina zuwa Yola, akwai dubban littattafan rubutun hannu na Larabci da ajamin Hausa da Fulatanci, a cikin gafaka da adaka. Akwai fiƙihu, tarihi, magani, lissafin taurari, waƙoƙi da wasiƙun sarakuna. Wasu an tattara su a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Da yawa kuma suna nan a ɗakunan da damina take shiga, gara tana ci. Littafin da kwafinsa ɗaya ne tak a duniya, idan ya lalace shi ke nan, ba kasuwar da za a sayo wani.

Wasu kuma sun ƙetare teku. Littattafan Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, yau suna laburaren Jami'ar Northwestern a Amurka. An adana su da kyau, amma ɗalibin Kano da yake son taɓa su da hannu sai ya nemi biza.

Ku dubi kuma abin da ya faru a Tambutu ta ƙasar Mali. Da 'yan bindiga suka kama garin a 2012, Abdel Kader Haidara, mai kula da laburaren gidansu, tare da abokan aikinsa suka riƙa zuba littattafai a akwatunan ƙarfe suna fitar da su a ɓoye, a mota da kwalekwale ta Kogin Kwara, har Bamako. Dubban ɗaruruwa suka tsira. A Janairun 2013 aka cinna wa wasu kimanin 4,000 wuta a Cibiyar Ahmad Baba. Ba don masu wannan sana'a ba, da asarar ta ninka haka nesa ba kusa ba.

To ga inda kuka shigo. Ɗalibin da ya yi makarantar allo ko Islamiyya, ya iya karanta rubutun warash da ajami, idan ya haɗa da digirin laburare da sanin kwamfuta, ya zama irin mutumin da ake nema da fitila. Masu digirin suna da yawa, masu ajamin ma suna da yawa, amma waɗanda suka haɗa biyun kaɗan ne. Kada wanda ya raina karatun allonsa.

Wa aikin ya dace da shi?

Son karatu yana taimakawa, amma shi kaɗai bai isa ba. Ma'aikacin laburare ba ya wuni yana karanta littattafan labari. Da mutane yake wuni. Ana son mai haƙurin da zai amsa tambaya ɗaya sau goma ba tare da ya haɗe rai ba. Ana son mai lura, domin kuskuren lamba ɗaya yana ɓatar da littafi shekaru. Ana son mai amana, domin za a damƙa masa dukiya mai tsada, kuma ba ya tallata wa duniya wane littafi wane ya ara. Ana son kuma wanda ba ya tsoron sabon abu, domin kayan aikin suna sauyawa kullum. Mata da maza duk suna yin sa, kuma mata sun riƙe shugabancin Laburaren Ƙasa da na jami'o'i da dama.

Abin da za ku fara tun yanzu

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan makarantarku tana da laburare, ku je wajen malamin da ke kula da shi ku nemi ya sa ku cikin masu taimako. Idan babu, ku haɗu ku biyar ko shida ku nemi izinin shugaban makaranta, ku tattara littattafan da ke watse a ofisoshi da sito, ku jera su a kabad ɗaya, ku buɗe littafin rajistar aro. Laburare ke nan kun kafa, kuma a nan za ku gane ko aikin yana yi muku daɗi.

Lokacin hutu ku ziyarci laburaren jiha, kamar na Murtala Muhammad a Kano, ko reshen Laburaren Ƙasa mafi kusa da ku. Ku gaida ma'aikatan cikin ladabi, ku tambaye su ta wace hanya suka bi, me ke faranta musu rai a aikin, me ke damunsu. Za ku ji abin da ba ya cikin kundin JAMB. Ku koyi buga rubutu a kwamfuta da hannu biyu, da shirya jadawali a Excel. Ku riƙe Larabcinku, mai damar koyon Faransanci kuma ya ƙara.

Ga wanda aka riga aka ba gurbin ba tare da ya nema ba, shawararmu ita ce kada ka yi fushi ka yar. Je ka sashen, ka gana da malamai da ɗaliban aji uku ko huɗu, ka zauna da iyayenka ka nuna musu wannan shafi. In bayan haka zuciyarka tana kan abin da ka nema tun farko, kuma kana da tabbacin gyara makinka, sake jarrabawa ba laifi ba ne. In kuwa ka karɓa, to ka shiga da ƙarfinka tun zangon farko, domin sakamako mai kyau shi ne yake buɗe ƙofar aiki a jami'a da ta karatun gaba.

Aikin gida na wannan mako: ku ɗauki littattafai goma, na gida ko na aji, ku raba su bisa gidajen Dewey. Wanda ya ba ku wahala, ku rubuto mana sunansa da gidan da kuka sa shi da dalilinku, za mu buga amsoshin da suka fi gamsarwa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.